Filin Tambaya da Amsa: Manhajar Windows ta ƙi buɗewa a Linux

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tsufa, Windows 11 ta ƙi hawa kanta, shi ne ƙanina ya sa mini Linux Mint, wani nau'in Linux, a madadin Windows. Komai yana tafiya daidai, sai manhajar da nake rubuta lissafin shige da ficen kuɗi da ita. Ta Windows ce, in na danna fayil ɗin exe, wato fayil ɗin manhajar, ko motsi ba ya yi. Faifan da ya zo da firintata ma haka. Akwai dabara, ko komawa zan yi? Daga Hajiya R.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanin naki ya yi tunani. Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 sai kwamfutar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan. Saboda haka kada ki yi saurin komawa.

Abin da ya hana fayil ɗin buɗewa shi ne, manhaja ba ta yin komai da kanta. In za ta buɗe taga ko ta ajiye fayil, Windows take roƙa, kuma da yaren Windows. Linux ba ya jin wannan yare. Sai an samo tafinta, sunansa Wine. Tun 1993 aka fara aikinsa, bai kai ga siga ta 1.0 ba sai 2008, kin ga ba ƙaramin aiki ba ne. Idan kika saka shi daga rumbun manhajojin Mint, zai ƙirƙiri ɓoyayyiyar jaka mai suna .wine, a cikinta akwai drive_c, har da Program Files kamar yadda kika saba gani. Manhajarki za ta zauna a nan tana zaton a Windows take. In rubuta umarni yana ba ki wahala, ki sa Bottles, shi ma Wine ne amma da maɓallan dannawa.

Kafin ki ɓata lokaci, ki shiga shafin WineHQ ki nemi sunan manhajar a rumbunsu na AppDB. Masu gwaji suna ba kowace manhaja daraja, daga mafi kyau zuwa mafi muni: Platinum, Gold, Silver, Bronze, ko Garbage. Ki duba lambar sigar da kyau, don sau da yawa tsohuwar siga tana aiki sumul, sabuwar ta cije. Masu wasannin kwamfuta dai sun fi kowa morewa, tunda kamfanin Valve ya fito da Proton, tafintan wasanni da ya gina a kan Wine ɗin nan, a 2018. Manhajar lissafi ba ta samu irin wannan gata ba.

To, ga ra'ayina. Lissafin kuɗi ba wurin gwaji ba ne. Manhaja tana iya buɗewa a Wine, ki yi ta shigar da lambobi, sai ranar fitar da rahoton ƙarshen wata ta tsaya cak, ko haruffa su fito a hargitse. In darajarta ba ta kai Gold ba, ni VirtualBox zan ce ki sa. Kyauta ne, na kamfanin Oracle. Shi yana gina kwamfutar gaibu a cikin taki, ki saka Windows ta ainihi a ciki, ta buɗe a taga guda yayin da Linux ke ci gaba da aikinsa. Sai dai yana da ci. In kika ba Windows ɗin RAM gigabait 4, kwamfutar tana buƙatar 8 kafin ta yi numfashi. Kina buƙatar lasisin Windows, kuma ƙaninki ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ya kunna damar gudanar da kwamfutar gaibu: VT-x idan firosesar Intel ce, AMD-V idan AMD ce. Tunda tsohuwar Windows za ki sa, ki kashe mata intanet daga saitin VirtualBox, ki haɗa ta da Linux ta jaka guda ta musayar fayil. Da zarar komai ya daidaita ki ɗauki snapshot, wato hoton halin da take ciki, duk ranar da ta rikice ki dawo da ita nan.

Batun firinta kuwa, ki ajiye faifan nan. Wine ba ya ɗaukar direbobin na'urori, wato manhajojin da ke haɗa na'ura da kwamfuta, irin waɗanda ke kan faifan. Linux yana da nasa tsarin buga takarda, CUPS, kuma firintoci da yawa Mint yana gane su da an jona waya. Idan ta HP ce, akwai HPLIP, direbobin HP na Linux.

Akwai masu raba faifan kwamfuta biyu, Windows gefe Linux gefe, a zaɓi ɗaya lokacin kunnawa. Don manhaja guda, wahalar ta fi amfanin.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ƙwayar cutar Windows ma tana iya aiki a Wine, kuma ta faifan gaibu mai harafin Z: da Wine ke buɗewa tana ganin fayilolinki na Linux. Kada ki buɗe exe ɗin da ba ki san asalinsa ba. Sannan kafin ki taɓa komai, ki kwafi fayil ɗin lissafin a filashi, ki yi gwajin a kan kwafin.