Jirgi ya yada zango a Lome, amma ina aka rubuta za a sauke kayanka?

Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rubuto cewa ya yi odar kwantenar yadi daga Guangzhou ta hannun ƙanin matarsa. Yaron ya turo masa hoton shafin intanet na kamfanin jirgin ruwan, an rubuta "port of call" a gefen sunan Lome ta ƙasar Togo, ya ce kaya sun iso. Nan take ɗan kasuwar ya tura wa yaron naira miliyan 3 kuɗin fito, ya kuma karɓi kafin alƙalami a hannun 'yan sari. Yau mako uku, shiru.

Alhaji, kalmar nan zango take nufi, irin wanda ayarin fatake ke yadawa a hanyar Gwanja su huta su wuce. Jirgin da ya taso daga Sin yakan tsaya a Singafo ko Lome ko Tema, ya sauke na wasu, ya ɗauki na wasu. Lome ma ta yi suna wajen sauya wa kwantena jirgi, tana iya zama a can tana jiran wanda zai kai ta tashar Apapa da ke Legas. Tsayuwar jirgi a wuri daban, tashar sauke kayanka daban, kuma wannan ta biyun tana rubuce a takardar lodi, wato shaidar da kamfanin jirgi ke bayarwa cewa ya ɗauki kayan.

Ka taɓa riƙe takardar nan da hannunka? Ban ga alama ba, kuma nan ne ka faɗi. Kwantenar miliyoyi, amma shaidarka hoton WhatsApp daga suruki. Ban ce yaron ɓarawo ba ne, wataƙila shi ma bai fahimta ba. Amma na san wani mai sayar da tayoyi da aka rubuta sunan ɗan'uwansa a gurbin mai karɓar kaya. Da suka saɓa, kwantenar ta yi wata biyu a tasha, kuɗin jinkiri ya cinye ribar kaf.

Yau ɗin nan ka nemi kwafin takardar. Duba lambar kwantena, tashar sauke kaya, da sunan mai karɓa. Sa lambar a shafin kamfanin jirgin da kanka. In Apapa aka rubuta, to miliyan 3 ɗin nan kuɗin fiton me aka biya a Lome? Ya kawo rasit, ko ya dawo da kuɗi.

'Yan sarin kuwa, kira su ka gaya musu gaskiya, wanda ya ƙosa mayar masa da nasa. Kwaɗayin juya kuɗi sau biyu kafin Sallah ne ya sa ka sayar da kayan da ke kan teku.