Ga 'yar'uwar da aka ce ƙarin Mamanta "bai zama daji ba tukuna"

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an gano ƙari a bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji, likita ya ce bai zama daji ba tukuna amma yana so a yi tiyata, ke kuma kina ganin me zai hana a jira. Mu ma mun tsaya a nan da Babanmu, shi ya sa na kasa wuce tambayarki.

Nasa da shawara ya fara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga ƙaiƙayin dare har ya kekketa ƙwaurinsa da farce. Sai abin ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo da zazzaɓi da rawar sanyi. Wannan lafawar ce ta yaudare mu. Ashe ƙarin ne ke fitar da wani yauƙi mai kauri yana toshe bututun, in ya ɗan wuce sai mu ce sauƙi ya samu.

A takardarsa IPNB aka rubuta, wato sunan wani irin ƙari da ke tsirowa a cikin wannan bututun, wanda yake iya juyawa ya zama daji. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta, kuma an fi ganinsa a Japan, Koriya, Taiwan da Sin, inda duwatsun cikin hanta da wata tsutsar hanta suka yi yawa.

Ki kula da kalmar "tukuna" ɗin nan. Ɗan naman da ake tsinkowa da na'urar da ake zurawa ta baki ƙanƙane ne ƙwarai, yana iya fitowa lafiya alhali can gindin ƙarin ya fara juyawa. Haka ta faru da mu: gwajin farko ya ce babu komai, amma da aka cire ɓangaren hagu na hantar tare da bututun, sai aka tarar wani lungu ya fara zama daji. Shi kuwa ɗan bututun da ake sakawa don shawarar ta sauka, numfashi kawai yake sama muku, ba magani ba ne.

Ki tambayi likitan ko za a gwada gefen inda aka yanka tun ana cikin aikin don a ga ko akwai sauran ƙarin, da ko hoton MRCP, wato hoton na'urar MRI da ke nuna bututun, ya nuna wani ƙarin a wani wuri, don yakan tsiro a wurare da dama. Kuma ko bayan tiyata ana ci gaba da ɗaukar hoto, yana iya dawowa. Ki rubuta tambayoyin a takarda kafin ki shiga. Ni ranar da likita ya ambaci yankan hanta, komai ya ɓace mini, ƙanwata ce ta yi maganar.