Wace rauta ce ta dace da ofishin reshe?

Ka tambaya ko rautar gida (rauta ita ce na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci da wayoyi) za ta wadatar da sabon reshenku mai ma'aikata kusan ashirin, ko dole sai an sayi irin ta kamfanoni. Ni dai ba zan ba ka shawarar ta gida ba.

Babban abin da kake biya a rautar reshe shi ne layi biyu na intanet. Misali na farko na kebul ne, na biyu kuma katin SIM na 4G ko 5G da ke cikin na'urar kanta. Idan na farko ya yanke, sai ta koma kan na biyun da kanta, ma'aikacin da ke tura rahoto zuwa hedkwata bai ma sani ba. Sannan tana buɗe rufaffiyar hanya ta IPsec, wato tsarin ɓoye bayanan da ke wucewa, tsakanin reshe da babban ofis, kuma tana fifita kiran murya da taron bidiyo a kan wanda ke sauke manyan fayiloli, don kada magana ta riƙa sarƙewa.

Inda kamfanoni irin su Cisco da Fortinet da Juniper ke gasa yanzu shi ne SD-WAN, wato sarrafa haɗin rassa ta hanyar manhaja, har Cisco ya sayi Viptela, kamfanin da ke yin wannan fasaha, a 2017 saboda haka. Daga wuri ɗaya ake sarrafa dukkan rassa, sabuwar na'ura kuma da zarar an jona ta sai ta janyo saitinta da kanta, ba sai injiniya ya yi tattaki ba.

Amma ka kula da gudun da aka rubuta a kwali. Yana raguwa sosai idan aka kunna ɓoye bayanai da katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita, don haka adadin gudun bayan an kunna su za ka nema. Ka kuma tambayi kuɗin sabunta lasisin manhajar na'urar kafin ka biya.