Kwana huɗu a Dubai da dirhami 500: me mutum zai iya gani?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Janairu zan raka yayana Dubai sarin kaya. Shi zai wuni a shaguna, ni kuwa wannan ce fitata ta farko ƙasar waje, ina son in ga gari. Yaya ya ɗauki nauyin jirgi da masauki, abin da zai rage a aljihuna bai wuce dirhami 500 ba na kwana huɗu. Abokaina suna cewa a Dubai ko numfashi sai da kuɗi, wai in zauna a ɗaki kawai. Haka ne? (Wani matashi daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Dubai ɗin da suke gani a waya, ta dogayen benaye da manyan otal-otal, lalle tana cin kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Amma mafi yawan abin kallonta daga waje ake ganinsa, kuma kyauta. Bayan ita akwai tsohuwar Dubai ta bakin ruwa, inda leburori da 'yan kasuwa suke rayuwa, a can dirhami ɗaya ma yana da daraja. Kuɗinka sun kai dala 136 ko kusa da haka, domin tun 1997 aka ɗaure dirhami da dala a kan 3.67. Za su ishe ka, har ka yi wa Hajiya tsarabar dabino, muddin ka kiyayi tasi.

Tasi ce ke talauta baƙo a garin nan, ba tikitin shiga wurare ba. Dubai gari ne da ya miƙe a gefen teku, daga tsohuwar unguwar Deira zuwa sabuwar unguwar Marina ya haura kilomita 30, kuma ba a gina shi don mai tafiya a ƙasa ba. Wuri biyu da za ka hanga kusa da juna, sai ka tarar babban titi mai layi shida ko bakwai a kowane hannu ya raba su. Saboda haka abu na farko da za ka saya, tun a filin jirgi in ka sauka a tasha ta 1 ko ta 3, shi ne katin Nol mai launin azurfa. Dirhami 25 ne, kuma 19 daga ciki kuɗin hawa ne da aka riga aka zuba maka. Da shi za ka hau Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da bas-bas na gari. Tafiya a cikin shiyya ɗaya dirhami 3 ce, shiyya biyu 5, abin da ya wuce haka 7.5, ko da daga wannan ƙarshen gari ne zuwa wancan. In ka sauka daga jirgi ka shiga bas kafin minti 30, tafiya ɗaya za a lissafa maka.

Shi kansa jirgin abin kallo ne. An buɗe shi ranar 9 ga Satumba 2009, ba shi da direba, kuma daga bayan tashar BurJuman yana hawowa sama ya bi gefen titin Sheikh Zayed. Ka samu gefen taga ka tsaya. Za ka wuce ginin nan mai siffar zobe da aka lulluɓe da rubutun Larabci, wato gidan tarihin gobe da aka buɗe a 2022, ka ga Burj Khalifa, ka hango otal ɗin Burj Al Arab can bakin teku, har ka isa Marina, duk a kuɗin da bai kai na shawarma biyu ba. Sai dai ka kula da rubutun da ke ƙasa a dandamali: akwai tarago na mata da yara, akwai na masu katin zinare. Namijin da ya shiga na mata tarar dirhami 100 ce, haka ma ci ko sha a cikin jirgi, har da taunar cingam. Tsallaka titi inda ba a yi alama ba kuwa tararsa 400, wato guzurinka kusan duka.

Tunda sari ya kawo ku, na san a Deira za ku sauka, wajen Naif ko dandalin Baniyas, inda mutanenmu suka saba. Ka yi sa'a, domin abin da na fi so a duk garin yana nan kusa da ƙofarku. Ka fito da safe ka gangara bakin Khor, mashigin tekun da ya raba Deira da Bur Dubai. Za ka ga manyan jiragen katako irin na da, an jibge kaya a gabansu a kan daɓe: firji, tayoyi, katan-katan, buhunan shinkafa, ana lodi zuwa Iran da gaɓar Somaliya. Wannan ruwan shi ne asalin arzikin garin. Kafin fetur mutanen nan nutso suke yi suna ɗebo lu'ulu'u, sana'ar da ta mutu a shekarun 1930 bayan Japan ta fara kiwon nata. A ƙarshen shekarun 1950 Sheikh Rashid, sarkin Dubai na wancan lokacin, ya ciwo bashi daga Kuwait ya sa aka yashe mashigin don manyan jirage su iya shigowa. Ba a samu fetur ba sai 1966, aka fara fitar da shi 1969. Fatauci ya riga mai zuwa garin, kuma har yau shi ne ke riƙe da shi.

Daga nan ka hau abra. Ƙaramin kwalekwale ne na katako mai inji, da rumfa a sama da benci a tsakiya, mutum ashirin suke zama baya da baya, fuska na kallon ruwa. Ba tikiti, ba layi. In ya cika sai matuƙin ya tayar, ya bi yana miƙa hannu kowa ya saka masa dirhami ɗaya. Minti biyar kun ƙetare, ga warin gas da na gishirin teku, ga fararen tsuntsaye suna shawagi a kanku. Na ga masu kuɗi suna biyan ɗaruruwa don cin abincin dare a jirgin ruwa a wannan mashigin, ruwan dai ɗaya ne. In ka hau da yamma dab da magariba, lokacin da kiran salla yake tashi daga masallatan gaɓa biyun, za ka so ka sake komawa, kuma aljihunka ba zai hana ka ba.

A ƙetaren akwai kasuwar yadi, ka ratsa ta ka nufi unguwar Al Fahidi. Fatake ne daga garin Bastak na Iran suka gina ta sama da shekara ɗari da suka wuce, da duwatsun teku da farar ƙasa. Lunguna ne matsattsu masu inuwa, Bakano zai ji kamar ya shiga cikin birni. Ka ɗaga kai ka dubi hasumiyoyin da ke saman gidajen, masu buɗaɗɗun tagogi ta fuska huɗu da sanduna a soke. Barjil suke ce musu. Su ne esin mutanen da: iska ta kowace fuska ta zo sai ta faɗa ciki ta gangara ɗaki, mai zafin ta fita ta ɗaya ɓangaren. Yawo a unguwar kyauta ne. Kusa da ita ga ganuwar Al Fahidi da aka gina a 1787, ginin da ya fi kowane tsufa a garin.

Kasuwar zinare da ta kayan ƙamshi suna gefenku na Deira, kusa da tashar Al Ras. Kallo ba ya cin ko sisi. Farashin zinaren kansa a rubuce yake a allo, yana canjawa da kasuwar duniya, abin da ake ciniki a kai shi ne ladan ƙira. Za a tare ka a hanya ana maka tallan agogo da jaka a raɗa, jabu ne, ka girgiza kai ka wuce. Kada kuma ka sayi dabino ko za'afaran a shagon da ke bakin hanyar 'yan yawon buɗe ido. Manyan kantunan unguwa sun fi araha, ba kuma sai ka yi ciniki ba.

Yanzu Burj Khalifa, wanda na san shi ne a ranka. Tsayinsa mita 828, an buɗe shi ranar 4 ga Janairu 2010. Ka sauka a tashar da ke ɗauke da sunansa, ka bi doguwar gada mai rufi da sanyi, kusan mita 800, ta kai ka cikin Dubai Mall. Shiga kyauta ne. A ciki akwai katafaren tankin kifi da ake iya kallo ta bangon gilashi ba tare da an sayi tikiti ba, har da kifin shak yana wucewa ta gabanka. Ka fita ta bayan ginin zuwa bakin tafki. Daga ƙarfe 6 na yamma, duk rabin awa ruwa yana tashi sama yana rawa da kiɗa da fitilu, ginin yana tsaye a kanka har wuyanka ya gaji. Wannan ma kyauta. Abin da ake biya shi ne hawa bene na 124 da 125, wanda zai lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka, ya fi haka ma in ka zaɓi lokacin faɗuwar rana. A ra'ayina bai cancanta ga mai guzuri irin naka ba. Daga can sama gari ya zama kamar taswira, in an yi hazo ma ba abin da za ka gani sosai, kuma abu mafi kyau a sararin Dubai, wato ginin kansa, ba ya cikin hoton tunda kana cikinsa. In kana son ganin gari daga sama, ka je Dubai Frame da ke lambun Zabeel, firam ne na hoto mai tsayin mita 150, dirhami 50. Ta gefe ɗaya kana hango tsohuwar Deira, ta ɗayan sababbin benaye, ƙarƙashin ƙafarka kuma gilashi.

Bakin teku ma ba a biya a wuraren jama'a. Gaɓar Umm Suqeim ita ce inda kowa yake ɗaukar hoto da Burj Al Arab a bayansa, bas yana zuwa kusa. Amma ka yi hattara da waya a nan da ko'ina: ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a dokar ƙasar, musamman mata.

Game da hamada, a nan ake yawan cutar baƙo. Na taɓa biyan wani mai talla a titi kuɗi kaɗan don fita yawon tudun yashi, ina murna na samu araha. Motar ta zo ta kwashe mu a makare, ta tsaya da mu a wani shago kusan awa ɗaya ana lallaɓa mu mu sayi rawani, hawan raƙumin da aka yi alkawari bai kai minti biyu ba, kowane abu kuma a sansanin sai an ƙara kuɗi. Mai kyau yana da tsada, mai araha ga yadda yake. Kai da ka taso kana ganin raƙuma da rairayi ba ka rasa komai ba in ka bar shi.

Da kuɗin nan gara ka ware yini ɗaya ka tafi Abu Dhabi, babban birnin ƙasar. Bas mai lamba E100 yana tashi daga tashar Al Ghubaiba, dirhami 25 da katinka na Nol, tafiyar kusan awa biyu. Daga tashar can ka hau bas na gari ko ka daure ka biya tasi zuwa masallacin Sheikh Zayed. An buɗe shi a 2007, yana da ƙubba 82, yana ɗaukar masallata sama da 40,000, kuma shimfiɗar babban zaurensa darduma ce guda ɗaya saƙar hannu daga Iran. Kabarin Sheikh Zayed, wanda ya jagoranci kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971, yana gefen masallacin. Shiga kyauta ne, masu ziyara sai su yi rajista ta intanet tukuna. Ka yi ƙoƙarin isa bayan la'asar, ka ga farin marmara da rana, ka yi magariba a ciki, ka ga yadda fitilu suke sauya masa kama.

Abinci ba zai ba ka wahala ba in ka ci inda ma'aikata suke ci. Kusan kashi tara cikin goma na mazauna garin baƙi ne, yawancinsu daga Indiya da Pakistan da Bangladesh, kuma ƙananan gidajen abincinsu sun cika Deira da Karama da Satwa. Farantin biryani ko gurasa da miyar wake zai riƙe ka wuni, shayin karak mai madara da ƙamshi kuma tsabar kuɗi ce kawai. Kwalbar ruwan da ke dirhami ɗaya ko biyu a shagon unguwa tana ninkawa sau da yawa a wuraren shaƙatawa, don haka ka riƙe gora, a jikin masallatai da yawa akwai na'urar ruwan sanyi ta sadaka. In ka ware dirhami 40 a rana na ci, 160 ke nan. Ka sa 90 na Nol a cikin gari, 100 na tafiyar Abu Dhabi, 50 na Frame. Saura 100 na tsaraba.

Watan da ka zaɓa ya taimake ka ƙwarai. A Janairu zafin rana yana kaiwa wajen digiri 24, da dare kuma akwai sanyi, ka zo da rigar da kake sawa da hunturu. Da a Yuli ko Agusta ne, da amsar nan ta canja, domin zafi yana haura 40 ga gumi mai nauyi, har gwamnati tana hana aikin waje da tsakar rana daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, kuma duk tafiyar ƙasan da na zayyana maka sai ta koma ta tasi.

Kafin ka rufe jaka, ka zazzage ta da kanka. Tiramadol da duk maganin da ke da kodin suna cikin magungunan da ƙasar ta sa wa tsauraran dokoki, mutane sun shiga kurkuku a kansu. In likita ne ya rubuta maka, ka riƙe takardar, ka kuma nemi izini ta shafin ma'aikatar lafiyarsu kafin tafiya. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce yaji ne da daddawa zai aika wa ɗan'uwansa a Naif.