Yana ta fitsari amma kumburin bai sace ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina yana fama da ciwon zuciya, an ɗora shi a kan furosemide, maganin da ke sa fitsari. Fitsari kam yana yi sosai, amma kumburin ƙafafunsa yana nan. Yanzu an ƙara masa spironolactone, an kuma ce sai an riƙa auna jininsa. Me ya kawo haka?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Gishiri furosemide yake kora, ruwa bin sa kawai yake yi. Kullum ƙoda tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini, sannan siraran bututunta su maido wa jiki fiye da kashi 99 cikin 100 na sodiyam ɗin da ke ciki, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Wajen kashi 65 a farkon bututun ake tsotse shi, kashi 25 kuma a wata lanƙwasa ta bututun da ake kira lanƙwasar Henle, inda furosemide ke toshewa.

Sai dai ƙarfin furosemide na kimanin awa 6 ne. Da ƙoda ta ji jini ya ragu sai ta saki sinadarin renin, ya haifar da wani sinadarin, angiotensin, shi kuma ya sa ƙullutun da ke saman ƙoda ya fitar da homon aldosterone. Wannan homon yana sa ƙarshen bututun ya riƙe sodiyam ya zubar da wani sinadarin, fotasiyam. To idan Baba yana cin gishiri da yawa, abin da aka fitar da safe kafin wayewar gari ƙoda ta rama shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma suna dakushe furosemide, kuma an fi mantawa da su.

Spironolactone yana tare aldosterone ne, don haka sodiyam ya fita, fotasiyam ya zauna. Dalilin awon jini ke nan. Ana son fotasiyam tsakanin 3.5 da 5.0 a sakamakon awon; ko ya sauka ko ya haura, bugun zuciya na iya rikicewa. Haɗarin haurawar ya fi yawa ga mai shan lisinopril (maganin hawan jini da zuciya), ko mai raunin ƙoda, ko mai amfani da madadin gishiri na fotasiyam.

Gishirinsa kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ya riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan ya yi fitsari. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko amai da gudawa suka kama shi, a tuntuɓi likitansa a ranar.