Filin Tambaya da Amsa: Gane Baƙon Kan Sarki da Sanin Darajarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifina na tarar da wani tsohon littafi a cikin kayansa, an manna masa kan sarki kusan ɗari uku na ƙasashe daban-daban. Wasu na gane inda suka fito, amma akwai waɗanda aka rubuta musu HELVETIA ko MAGYAR POSTA, sunayen da ban taɓa ji ba. Akwai kuma wani ja mai hoton kan mace, babu sunan ƙasa a jikinsa sai POSTAGE da ONE PENNY, da haruffa a kusurwoyinsa huɗu. Yaya zan gane asalinsu, kuma ko suna da daraja? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta. Kafin komai, ina roƙonki kada ki ɓamɓare ko da guda ɗaya daga shafinsa, domin yawancin ɓarnar da ake yi wa kayan gado irin wannan, magada ne ke yin ta da hannunsu a ranar farko, cikin zumuɗin ganin abin da ke bayan takardar. Kan sarkin da bayansa ya saɓule ko ɗaya daga cikin ƙananan haƙoran da ke gefensa ya cire ya rasa mafi yawan kuɗinsa, kuma ba ya gyaruwa.

Ƙasashe da yawa suna rubuta sunansu ne da harshensu. HELVETIA Suwizalan ce, wadda ta zaɓi sunan Latin domin kada ta fifita ɗaya daga cikin harsunanta a kan sauran. MAGYAR POSTA na Hangari ne, SUOMI na Finlan, SVERIGE na Suwidin, ÖSTERREICH na Ostiriya, ÉIRE na Ailan, CCCP kuwa tsohuwar Tarayyar Sobiyet ce da haruffan Rasha. Manyan kundayen masu tara kan sarki sukan ware shafuka na musamman inda aka jera irin waɗannan rubuce-rubuce bi da bi, kowanne da ƙasarsa a gabansa, kuma nan ya kamata ki fara buɗewa. Idan babu sunan da za a karanta, sai a koma ga kuɗin da aka rubuta da kuma tambarin da ke jiki. Kofek yana nuna Rasha, hela tana nuna Ostiriya da maƙwabtanta, kuɗin da ake kira anna kuwa na Indiya ne da ƙasashen da suka yi amfani da kuɗinta. Furen nan mai ganye 16 da ke saman tsofaffin kan sarkin Japan alamar gidan sarautarsu ce, murɗaɗɗen sa hannun sarki da rubutun Larabci kuma na Daular Usmaniyya ne, wadda ta fara fitar da nata a 1863. Na farkon Barazil, na 1843, lamba ce kawai a tsakiyar zane, 30 ko 60 ko 90, babu suna babu hoto.

Jan da kika kwatanta na Birtaniya ne, matar kuwa Sarauniya Biktoriya ce. Birtaniya ce ta fara fitar da kan sarki a duniya a 1840, wato baƙin nan na kwabo ɗaya da ake kira Penny Black, kuma har gobe ba ta sa sunanta a jiki, hoton kan mai mulki ya wadatar. Kin ga sunan da muke kiran abin da shi ya dace da asalinsa. A 1841 aka sauya launin zuwa ja saboda jan hatimin da ake bugawa a kan baƙin yana wankuwa, mutane suna sake amfani da shi. An ci gaba da buga jan har 1879, an buga biliyoyi, saboda haka tsufansa kaɗai ba zai kawo miki kuɗi ba.

Amma ga inda aikin yake da daɗi. Tun da naki yana da haruffa a kusurwoyi huɗu, ki sami gilashin ƙara girma ki duba cikin saƙar adon da ke gefen hagu da gefen dama, daidai tsakiya. Za ki ga wata 'yar lamba a ɓoye a kwance cikin zanen, wadda ido kawai ba ya kama ta da sauƙi. Lambar farantin ƙarfen da aka buga shi da shi ce, daga 71 zuwa 225, kuma kundin Stanley Gibbons, mai jera kan sarki da farashinsu, ya ba kowane faranti nasa farashin. Mafi yawansu ba su da tsada. Na 225 yana da ɗan wuya, na 77 kuwa 'yan ƙwaya ne suka rage a duniya, domin an ƙi farantin tun kafin a soma aiki da shi sosai. Idan kin ga 77, ki kwantar da hankalinki ki sake dubawa a gefe biyun, domin 'yan damfara sun daɗe suna kankare lambar 1 daga na 177.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ari kundin Scott na duba wani kan sarki nawa, na sami hotonsa da farashinsa. Da na kai wa dillali sai ya taya shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da kundin ya rubuta ba. Cutata yake son yi, ko kundin ne ba abin dogaro ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ban ga kan sarkinka ba, don haka ba zan wanke dillalin ba, ba kuma zan ɗora masa laifi ba. Abin da na sani shi ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe a wuri biyu, kuma na farkon ya fi na biyun yawa.

Na farko shi ne ɗaukar hoto a matsayin shaida. Kundi yakan buga hoto ɗaya tak, sannan ya jera lambobi biyar ko goma a ƙarƙashinsa, duk zanensu ɗaya, bambancinsu yana cikin haƙora, ko takarda, ko launi, ko hanyar bugu. Ido kuwa yana da son zuciya, yakan sauka a kan layin da ya fi tsada. Ƙa'idar da tsofaffin masu sana'ar suke bi ita ce ka ɗauka naka shi ne mafi arha a jerin har sai awo ya nuna akasin haka, domin wanda aka buga miliyoyi shi ya fi saurin faɗowa hannunka.

Awon haƙora abu ne mai sauƙi. Ana ƙirga yawan hujin da ke cikin santimita 2, tsarin da wani likita Bafaranshe, Jacques Legrand, ya ƙirƙiro a 1866, kuma akwai ɗan ma'auni na kwali ko roba da aka yi don haka. Za ka ɗora gefen kan sarkin a kan layukan ɗigo, kana zamar da shi sama da ƙasa har sai kowane haƙori ya zauna daidai da ɗigonsa. Idan kundi ya rubuta 14, dukkan gefuna ke nan. Idan ya rubuta 11 x 10½, lambar farko ta sama da ƙasa ce, ta biyu ta gefen hagu da dama. Rabin lamba kan raba mai tsada da wanda ba a ko tayawa. Bayan haƙora sai tambarin da ke cikin jikin takarda, wanda aka matsa tun tana ɗanya a masana'anta. Wani lokaci ɗaga shi zuwa haske ya isa. In bai fito ba, sai a kifa kan sarkin a cikin ɗan baƙin faranti a ɗiga masa ruwan da aka yi don wannan aiki, nan take kambi ko tauraro ko haruffa su bayyana baƙi-baƙi na 'yan daƙiƙu kafin ruwan ya bushe. Kada ka gwada da ruwan sha, zai narkar da danƙon baya. Ka kuma riƙa ɗaukarsa da hantsaki marar kaifi, domin maiƙon yatsa yana barin tabo.

Tuntuɓe na biyu shi ne fahimtar abin da farashin kundi yake nufi. Adadin da aka rubuta kiyasi ne na abin da dillali zai nema idan shi ne mai sayarwa, kuma na kan sarki ne lafiyayye: zanen yana tsakiya, haƙora cikakku, launi bai koɗe ba, babu ninki, babu yaga. Dillali kuwa mai saye ne don ya sayar, dole ya bar wa kansa riba da kuɗin zaman kayan a hannunsa, wanda kan kai shekaru. Ga kuma ginshiƙai biyu ko uku na farashi da ake rikitawa: wanda ba a yi amfani da shi ba kuma danƙonsa bai taɓu ba, wanda aka taɓa liƙa masa 'yar takardar mannawa a littafi, da wanda ya sha hatimi. Kundin Michel yana nuna na farko da taurari biyu, na biyu da tauraro ɗaya, na uku da ɗan da'ira mai ɗigo. A ƙasan jeri ma akwai mafi ƙarancin farashi da kundi yake bai wa kowane kan sarki komai yawansa, wanda a gaskiya ladan wahalar dillali ne na zaƙulo shi ya sa a ambulan. Mutumin da ya tara dubu na irin wannan ya ninka da farashin kundi yana yi wa kansa lissafin dokin rano ne.

Ni a ganina amfanin kundi na gaske yana wajen suna da lamba da kwatanci, wato ya gaya maka wane ne wannan, kuma ya nuna maka cewa wancan ya fi shi wuyar samu sau hamsin. Don sanin abin da za ka karɓa a hannu, ka duba sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala na irin naka, a irin lafiyarsa, ka bar farashin da masu talla suke rubutawa a intanet, domin kowa yana iya neman abin da ya ga dama. Ka kuma kula da cewa kowane kundi yana da nasa lambobin. Stanley Gibbons na Birtaniya, wanda ya fara fitar da jerin farashi a 1865, ya fi zurfi a kan Birtaniya da ƙasashen da ta mulka. Scott na Amurka ne. Michel na Jamus ya yi fice a kan Turai. Yvert et Tellier kuwa shi ne madogara a kan Faransa da ƙasashen da ta mulka. Idan ka ce lamba 245 ba tare da sunan kundi ba, ba ka faɗi komai ba. Scott ma yana ware wasu da harafi a gaban lamba, C na wasiƙun jirgin sama, J na cikon kuɗin da mai aikawa bai biya ba, O na wasiƙun gwamnati, saboda haka wanda ka rasa a babban jeri yana iya kasancewa a ƙarshen babin ƙasar.

Idan bayan duk wannan awon naka ya ci gaba da faɗawa a kan layi mai tsada, to lokacin neman takardar shaida ya yi, daga kwamitin ƙwararru irin na Royal Philatelic Society da ke Landan ko Philatelic Foundation da ke New York. Jabun da Jean de Sperati, shahararren mai ƙirƙirar kan sarkin jabu, ya yi sun ruɗi manyan masana a zamaninsa, har yanzu kuma suna yawo a cikin tsofaffin littattafai.

Tambaya: Malam, ina da na Jamus da aka rubuta musu miliyan 20 da biliyan 5, sababbi fil. Ina kuma da wasu manya masu hotunan 'yan wasa da kumbo, an rubuta AJMAN da FUJEIRA. Na yi dace? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ka yi dacen tarihi, amma aljihu ba zai shaida ba. Na Jamus na 1923 ne, shekarar da kuɗin ƙasar ya lalace har kan sarki guda ya kai mak biliyan 50. Kuɗin aika wasiƙa yana sauyawa cikin 'yan kwanaki, sai tulin da aka buga ya zama ba shi da amfani tun kafin a sayar, shi ya sa sababbinsu suka cika duniya. A nan al'amarin ya juya: wanda ya yi tafiya da gaske, musamman yana kan ambulan ɗinsa da hatimi mai kwanan wata, shi ne ake nema, kuma saboda haka ne hatimin jabu ya yi yawa a kansu. Duk wanda ya sami kan sarki a jikin tsohuwar ambulan ya bar shi a wurin, kada ya jiƙa ya cire.

Ajman da Fujaira masarautu ne da suke cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a yau. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1972 wakilai na ƙasashen waje sun buga dubban zane-zane da sunansu don sayar wa masu tarawa, har Scott ya ƙi jera mafi yawansu, ko da yake Michel ya jera. Ka juya naka ka duba. Idan gaba yana da hatimi tsaf-tsaf a kusurwa ɗaya amma danƙon baya yana nan lumui, to an buga masa hatimin ne tun yana cikin falle, bai taɓa hawa wasiƙa ba, kuma kundi yakan sa irinsa a mafi ƙarancin farashi.