Kwana Huɗu a Istanbul: Me Za Mu Gani, Me Za Mu Sayo?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bara muka yi aure, har yau ban kai amarya ko'ina ba. Yanzu na ɗan tara abin da ya samu, muna son zuwa Istanbul, a ƙasar Turkiyya, na kwana huɗu. Kamfanin da ke nema mana biza ya ce in ƙara kuɗi su haɗa mu da motar 'yan yawon buɗe ido, wuri biyar kullum, har da zuwa Kapadokiya hawan balan-balan. In biya ko in bari? Ango, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Ango, Allah ya ba da zaman lafiya. Bari kawai. Wuri biyar a rana ai aikin gayya ne, za ku dawo da hotuna da ciwon ƙafa, ba ku ko zauna kun yi hira ba. Kapadokiya kuwa ta fi kilomita 700 daga Istanbul, sai an sake hawa jirgi, kuma da asuba balan-balan ke tashi, in iska ta yi ƙarfi a soke. Kwana biyu cikin huɗunku ke nan a kan abin da ba tabbas.

Kuɗin nan ka zuba shi a masauki. Nemi otal a unguwar Sultanahmet ko Sirkeci, domin daga can yawancin abin da kuka je gani da ƙafa ake zuwa. Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida suna kallon juna, lambu ne kawai a tsakani. Ita Aya Sofiya coci ce da aka gama a shekarar 537, ta zama masallaci da Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, daga baya aka mai da ita gidan tarihi, a 2020 kuma aka koma salla a ciki. Tun 2024 masu zuwa kallo biyan kuɗi suke su hau bene, amma mai salla yana shiga ƙasa kyauta. Ku daidaita zuwanku da azahar, ku yi salla, sannan ku ɗaga kai ku kalli ƙubbar nan a tsanake.

Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, ku ba ta rabin yini cur, kuma ku isa ana buɗe ƙofa, kafin layi ya yi tsawo. Ba a buɗe ta ranar Talata, ka lura da wannan tun wajen sayen tikiti. Akwai taskar sarakuna da lu'ulu'u, to amma inda na san zai taɓa ku shi ne ɗakin amanoni, inda aka ajiye kayan da ake danganta su ga Annabi (SAW) da takubban sahabbai, waɗanda suka fara isowa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Mai karatun Alƙur'ani na zaune a gefe yana karatu ba yankewa, sai ka ga masu surutu sun yi tsit da kansu.

Safiya ɗaya ku je Eyup, inda kabarin Abu Ayyub Al'ansari yake, sahabin da raƙumar Annabi ta durƙusa a ƙofar gidansa a Madina. 'Yan kamfani ba su cika sa shi a jerinsu ba, ni kuwa da shi zan fara. In kun yi sa'a za ku ga an kawo yara maza cikin fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu, kamar 'ya'yan sarki. Kaciya za a yi musu, shi ne ake fara kawo su ziyara.

Sai abin da ya fi komai arha. Sayi katin Istanbulkart a na'urar tasha, da shi ake shiga bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Bayan la'asar ku hau jirgin ruwan 'yan gari daga Eminonu zuwa Uskudar. Minti ashirin bai cika ba kun bar Turai kun shiga Asiya. Ana sayar da shayi a ciki, cikin 'yan ƙananan kofunan gilashi, ku sayi simit, burodin nan mai zagaye da riɗi, ku riƙa gutsurawa kuna jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a sama. Ku zauna a bakin ruwa har magariba, hasumiyoyin tsallake su yi ja, kiran salla ya taso daga ko'ina. Amarya za ta manta da balan-balan.

Kada dai ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. In kuma tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, sanyin can ya wuce hunturun Zariya, ga ruwan sama.

Tambaya: Anti, maigida zai kai ni Istanbul, dangi kowa ya sa rai da tsaraba. A Grand Bazaar zan saya? Maman Amira, daga Kano.

Amsa: Maman Amira, ki shiga Grand Bazaar ki sha kallo, kasuwa ce mai rufi da ke ci tun ƙarni na 15, shaguna dubbai, amma ba ta ci ran Lahadi. Farashinta na baƙi ne. Mai shago zai ba ki kujera ya kawo shayi, ki sha abinki, shan shayi ba ciniki ba ne. Ke da kika saba da Kantin Kwari ba sai na koya miki tayi ba.

Mayafai, tawul da kayan yara ki gangara layin Mahmutpasha, inda matan gari ke saye. Laleli da kike jin 'yan kasuwarmu na ambata wurin sari ne, yawanci ba sa son sayar da ɗaya-ɗaya. Gangarar Mahmutpasha za ta kai ki kusa da Kasuwar Masar, ta kayan ƙamshi. Alewar lokum ki sa a yanka miki a auna a gabanki bayan kin ɗanɗana, ta cikin kwali sau da yawa suga ce zalla. Za'afaran mai arha da ake tarawa tsibi-tsibi kuma furen wani tsiro ne daban, launi kawai yake bayarwa. Na gaske siraran zare ne ja, da giram ake sayarwa.

Ki duba kilo nawa tikitinku ya yarda da shi tun daga gida, ki rubuta sunayen masu tsaraba, ki ware yamma ɗaya tak don sayayya. Sauran kwanakin na maigida ne.